Kibod Ɗin Aiki: Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Mai yini yana buga rubutu yatsunsa ne jarinsa, don haka kada ƙyallin fitilu ya ruɗe ka. Fara tambaya ko kibod ɗin yana aiki da QMK ko VIA, manhajojin kyauta masu ba ka damar sauya aikin kowane maɓalli. Da QMK har ɓ, ɗ da ƙ kana iya ɗorawa, sai dai a Windows za ka haɗa da WinCompose.

Sannan nemi mai sauƙin kuɗi wanda ake zare makunninsa ba sai an narka dalma ba, irin Keychron V1. In ɗaya ya lalace, shi kaɗai za ka canza.

A ofis kuwa, guji shuɗin makunni, ƙararsa na damun abokan aiki. Mai ruwan ƙasa ya fi shiru.