GASHAKA-GUMTI: SHIRI A TAKARDA, GATARI A DAJI

'Yan Arewa masu dako da tuƙin manyan motoci a Apapa, Ikko, sun sha ganin jajayen gumagumai ana loda su za a fita da su waje, musamman daga 2014 zuwa 2017. Da yawansu madobiya ce, wadda 'yan katako ke kira madirid. Daga dazuzzukan Taraba da Adamawa aka saro ta, aka nufi ƙasar Sin da ita don yin kujeru da gadaje.

Dattawan Makama da sauran unguwannin Yola da Jimeta ba baƙin waɗannan dazuzzuka ba ne, domin a zamanin Jihar Gongola, daga 1976 zuwa 1991, daga Yola a ke mulkinsu. Tun 1972 aka keɓe Gashaka da Gumti don namun daji, sa'an nan a 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe su suka zama gandun daji na ƙasa. Shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ɓangarensa na arewa kuwa yana wajen Toungo a Adamawa. A cikinsa a ke samun ɓauna da dorina da birin nan mai kama da mutum, da kuma Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419.

Shiri dai akwai shi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare halittu a 1994, ta kuma fito da tsari na ƙasa na 2016 zuwa 2020. Amma duk da haka gatari bai huta ba, har sai da aka hana cinikin madobiyar Nijeriya a kasuwar duniya a 2018.

Hasarar kuwa a kan talaka ta ke faɗawa. Ganyen madobiya abincin shanu ne da rani, rafukan gandun kuma su ke ciyar da kogin Taraba da ke zuba cikin Binuwai, inda masunta da manoman fadama ke neman abinci.

A 2017 hukumar gandun daji ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Africa Nature Investors, aka ɗauki 'yan yankin aikin gadi. Abin da ya rage shi ne dazuzzukan da ke wajen iyakar gandun su ma su sami masu tsaronsu, tun kafin a share su.