Kafin A Ce Kaset Ya Mutu: Muryoyin Boɗinga Da Shagari Na Jiran Ceto

A hutun da ya gabata wani ɗalibina ɗan Boɗinga ya shigo ofishina ɗauke da kwalin sabulu, ya dire a gabana. A ciki akwai kaset-kaset talatin da bakwai da kakansa ya bari: tafsirin azumi na shekaru da dama, da karatun Ishiriniya, da wani guda ɗaya da aka rubuta wa "wasiyya" da jan biro. Ya ce ya kai su wani shago domin a juye su a kwamfuta. Da aka jona, ba a ji komai ba sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa, mai shagon kuwa ya yanke hukunci cewa sun mutu. Har an fara shawarar a binne su, tunda akwai ayoyin Allah a ciki.

Na ɗauko tsohuwar rakodata na sa ɗaya, ba tare da kwamfuta ba. Sai ga muryar dattijon tar, yana jan aya yana fassarawa da Sakkwatancinsa. Yaron nan bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba. Kaset lafiyarsa ƙalau. Cutar tana tsakanin rakoda da kwamfuta ne. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma irin wannan duhun ne yake cinye mana tarihi a hankali.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma daga shekarun 1970 zuwa farkon ƙarnin nan babu abin da ya kai shi adana muryar Bahaushe. Yankin da nake magana a kansa ya san darajar adana ilimi. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Abin da suka rubuta yana hannunmu domin almajirai sun yi ta kwafa. Haka Waƙar Nijeriya ta marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗab'i ya tsare ta. Manyan makaɗa irin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, gidajen rediyo da 'yan kasuwa sun yaɗa waƙoƙinsu. To, malamin zaure fa? Mai kalangun ƙauye fa, da saƙon murya da ɗan ci-rani ya aiko wa iyayensa? Waɗannan kwafi ɗaya tak suke da shi a duniya, yana cikin akwati, zafin bazara yana gasa shi, ƙurar hunturu tana shigarsa.

Saboda haka ga abubuwan da ya kamata a bincika, bi da bi, kafin a ce kaset ya mutu.

Na farko, a saurari kaset a rakoda ita kaɗai. Idan murya ta fito, kaset ya kuɓuta daga zargi. Idan ta fito a dishe, a goge kan ƙarfen da zare yake gogawa da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Idan tana jan jiki kamar mai jin barci, bel ɗin rakoda ne ya saki, mai gyaran rediyo zai canja shi. A leƙa ɗan soson da ke tallafe zaren a bakin kaset, domin idan ya faɗi murya takan ɓace. Idan zare ya cije, a juya shi a hankali da biro. Kafin komai kuma, a ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli, a shafe abin da aka zo ceto.

Na biyu, kuma nan ne aka fi faɗuwa, ita ce ƙofar da sauti yake shiga kwamfuta. Manyan kwamfutocin tebur suna da ƙofa biyu: mai ruwan hoda ta makirfo, mai launin shuɗi kuma ta na'urori irin su rakoda. Sautin makirfo rarrauna ne ƙwarai, don haka kwamfuta takan ninka ƙarfinsa. Sautin rakoda kuwa da ƙarfinsa yake zuwa. In aka tura shi ta ƙofar makirfo, sai a ninka abin da ya riga ya cika, ya fashe ya koma ƙara. Tamkar a juye ruwan tulu ne a kofin shayi. Wannan shi ne abin da ya sami ɗalibina. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu sun ƙara dagula lamarin, domin ƙofa ɗaya gare su, wadda aka yi wa abin sauraro mai haɗe da makirfo. Idan aka cusa mata wayar rakoda, sau da yawa kwamfuta takan ɗauka abin sauraro ne kawai, ta ci gaba da naɗa da makirfon jikinta. Sai mutum ya gama aikin awa guda ya tarar ya naɗi kukan fanka da hirar 'yan shago. Maganin shi ne ƙaramar na'urar sauti da ake jonawa ta USB, mai ƙofofi ja da fari, a haɗa ta da mafitar sauti ta bayan rakoda.

Na uku shi ne saitin kwamfutar. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, dole a zaɓi na'urar da aka jona da sunanta a jerin mashigan sauti; in an jona ta bayan an buɗe manhajar, a rufe a sake buɗewa. A Windows akwai wurin ba manhajoji izinin amfani da makirfo. In yana kulle, layi miƙaƙƙe kawai za a gani, babu motsi. Sannan a kashe duk wani saiti na rage hayaniya. An yi shi ne domin hirar bidiyo, kuma a wurinsa kiɗan kotso da amshin 'yan amshi duk hayaniya ce, sai ya yi ta datse su.

Na huɗu, gunjin lantarki. Idan ana jin wani gurnani a ƙarƙashin murya wanda ba ya tashi ba ya sauka, wutar gida ce ko ta janareta take kutsowa ta caja. A zare cajar, kwamfuta ta yi aiki da batirinta, rakoda ma in da hali a sa mata batir. A nesanta wayar salula, domin ita ma tana da nata kukan.

Na biyar, ma'aunin ƙarfi. Kada a bari alamar sauti ta taɓa ja. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, amma wanda ya fashe ya fashe ke nan.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato a juye kaset da ha'inci sannan a watsar da na asali. A bara na bi hanyar Jega, na tsaya a Shagari wurin wani tsohon abokin karatu. A wata gonar shinkafa na ga an ɗaɗɗaura zaren kaset a kan sanduna yana walƙiya domin korar tsuntsaye. Da na tambaya, aka ce ai an riga an "tura su a waya". Yadda aka yi kuwa shi ne an kara waya a bakin lasifika, aka naɗa har da carar zakara, aka aika ta WhatsApp, wanda ke matse sauti ya zubar da wani sashensa. Wayar ta lalace, kaset kuma yana gona yana gadin shinkafa.

Ƙa'idar masu adana sauti a duniya ita ce a ajiye kwafin farko a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai, a ma'aunin da bai gaza kilohaz 48 da bit 24 ba. Kaset mai minti 90 zai ci kimanin giga ɗaya da rabi, zai kuma ci minti 90 cif na lokacin mai aiki, domin ba a yi wa wannan aiki gaggawa. Daga wannan uwar kwafi ake cire MP3 na rabawa. A ajiye ta a wuri biyu ko uku, a rubuta sunan mai magana da garinsu da shekarar da aka naɗa tun masu sani suna raye, a kuma riƙe kaset ɗin a inuwa, a tsaye, nesa da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta.

Lokaci ba ya tare da mu. Tun a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa. Masu gyaran rediyon da suka san cikin rakoda su ma tsufa suke yi, yaransu sun koma gyaran waya.

Ina kira ga majalisun ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari da hakimanmu da su haɗa hannu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: rakoda mai lafiya, da na'urar USB, da kwamfuta ɗaya, da ɗalibai biyu da aka horar, su riƙa zama a fadar hakimi ranar kasuwa. Iyali su kawo kaset, su koma da kayansu da kwafinsu, a bar wa ma'ajiyar tarihi kwafi da yardarsu.

Kaset talatin da huɗu muka ceto daga kwalin nan. Uku zarensu ya riga ya manne. Na wasiyyar yana cikin waɗanda suka tsira, kuma an kunna shi a zauren gidan, 'ya'ya da jikoki suna zaune. Wanda duk yake da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado, ya fito da shi tun yau. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.