Tafkin da ya yi layar zana a taswira

Tafki na nan a ƙasa, masunta na ta jefa koma, amma a taswirar OpenStreetMap babu shi. Hanyoyi na nan, sunayen ƙauyukan bakin ruwa na nan, ruwan ne kaɗai ya ɓace. Hakan na faruwa da tafkuna da dazuzzuka a sassan duniya, kuma bin sawunsa na koya wa mutum yadda taswirar take a ciki.

Zargin farko shi ne wani ya goge shi. Tun da Steve Coast ya kafa wannan taswira a Ingila a 2004, kowa na iya yin rajista ya gyara ta. Sai dai duk gyaran da aka yi yana da tarihi, da sunan mai yi da lokaci. Aka duba, tafkin na nan daram a cikin bayanan, har da alamar da ke cewa ruwa ne.

To ko jinkiri ne? Taswirar da muke gani ƙananan hotuna ne da ake zanawa a ajiye, wani lokaci sukan tsufa. Amma wata hanya da aka ƙara kusa da wurin jiya ta riga ta fito. Ke nan an sake zana wurin, da gangan na'ura ta tsallake ruwan.

A nan ne dole a leƙa yadda ake adana bayanan. OpenStreetMap ba ta da wani abu mai suna fili. Abu uku ta sani: ɗigo, layi, da haɗakar da ke tattara su. Fili kuwa layi ne da ya zagayo ya koma kan ɗigon da ya fara. Kuma layi ɗaya ba ya wuce ɗigo 2,000, don haka gaɓar babban tafki sai an yanka ta gunduwa-gunduwa, a tara su cikin haɗaka, a ce waɗannan su ne zoben waje, waɗancan na tsibirai su ne na ciki.

Sai a bi gaɓar, mahaɗa bayan mahaɗa. A wata kusurwa, layuka biyu da ido ke gani a manne ashe kowane da nasa ɗigon, tazararsu ba ta kai taku ɗaya ba. Wani ne, yana gyaran wani abu dabam, ya ja ɗigon bai sani ba. Zobe ya buɗe. Kamar gonar da dangarta ba ta haɗe ba, kwamfuta ba ta iya rabe ciki da waje, balle ta san inda za ta zuba shuɗi. Layin da ya harɗe ya ƙetare kansa ma haka yake jawowa.

Saura tambaya ɗaya: ai a da ana ganin filaye masu irin wannan aibi. Gaskiya ne. Manhajar osm2pgsql, wadda ke shirya bayanai kafin zane, a da takan yi ƙoƙarin yi musu kwaskwarima. A 2017 ta koma amfani da wata manhaja mai suna libosmium, wadda ke watsar da fili in ya karye, kuma a shekarar wani mai suna Jochen Topf ya jagoranci masu sa-kai wajen gyara ɗimbin irinsu. A ganina an yi daidai. Aibin da aka rufe a taswira ɗaya yakan je ya ɓata lissafin mai auna faɗin daji ko mai tsara aikin agaji, ba tare da ya sani ba.

Gyaran kansa ba wuya. Shafin OSM Inspector na kamfanin Geofabrik a Jamus yana nuna daidai inda zobe ya tsinke, manhajar gyaran taswira ta JOSM kuma kan yi gargaɗi kafin a tura gyara. A haɗe ɗigon biyu su zama ɗaya, a tura, a jira a sake zana wurin.