Giwa, Rema da Ayu: 'Yan Gida Ɗaya

Wanda ya ga giwa a dajin Yankari, ya kuma ga rema tana shan hantsi a kan dutse, da wuya ya yarda akwai abin da ya haɗa su. Toron giwa yakan kai tan shida, rema kuwa da ƙyar take wuce kilo huɗu, in ka kalle ta sai ka ce ƙanwar gafiya ce. Amma a wurin masana ilimin halittu, rema ta fi kusa da giwa nesa ba kusa ba a kan gafiya ko zomo. Na ukunsu shi ne ayu, wanda masuntan kogin Neja da Binuwai suka sani.

A da, siffa ake bi. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu a 1735, yana duba abin da ido ke gani. Bayansa Georges Cuvier na Faransa ya zuba giwa da dorina da karkanda a rukuni guda saboda kaurin fata. Sai a 1859 Charles Darwin ya ce salsala ya kamata a bi. Wanda ya shimfiɗa ƙa'idar yin hakan shi ne Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙwari, a 1950.

Ƙa'idar tasa ba ta da wuya, sai dai tana da tsauri. Kama da wane ba ta wane. Gashi da shayarwa ba za su nuna kusancin rema da giwa ba, tunda akuya ma tana da su. Abin nema shi ne alamar da ta fara bayyana a jikin kaka guda, jikokinsa kaɗai suka gaje ta. A nan ne 'yan ukun nan ke tona asirin juna. Marainan mazansu a cikin ciki suke zama, ba sa saukowa waje. Nonon giwa da na ayu a kusa da hammata suke. Hauren giwa haƙoran gaba ne na sama da suka yi ta tsawo, rema ma tana da 'yan ƙananan irinsu. Ayun Afirka ta Yamma kuwa, duk da zaman ruwa, har yanzu da farce a hannunsa.

Binciken ƙwayoyin gado ya faɗaɗa gidan. A 1998 masana suka raɗa wa dangin suna Afrotheria, suka shigar da dabgi mai haƙar gara, da tenrek na Madagaska, wanda wasu nau'o'insa ke da ƙaya har ka rantse bushiya ce. Bayanin da ake bayarwa shi ne, Afirka ta shafe miliyoyin shekaru teku na kewaye da ita, zuriyar dabba guda ta bazu, wani ya shiga ruwa, wani rami, wani dutse.

A ganina, littattafan makaranta da har yau ke tara dabbobi bisa siffa kawai suna tauye ɗalibi. Dorinar da Cuvier ya ajiye kusa da giwa tuni aka ɗauke ta daga can: danginta mafi kusa a yau su ne dolfin da manyan 'yan'uwansa na teku.