Ruwan Tiga, Yawan Jama'a da Sojojin Baƙi



Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai. Ta 2006 kuwa ta ba ta miliyan 140, daga ciki Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 9. Ita kuwa gona ba ta haihuwa. Gadon da mutum ɗaya ya noma jiya, 'ya'ya goma ke rabonsa yau.

Hanyar da hukuma ta bi don ciyar da wannan jama'a ita ce noman rani. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka janyo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa, Kura da Bunkure, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashi na farko. Shinkafa da alkama da tumatir sun wadata, wannan ba musu. Amma ruwan da aka tare a nan, ruwa ne da a dā yake malala a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya bi kogin Yobe. Da aka ƙara madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ƙara raguwa. Kada dai a ɗora wa Tiga laifin janyewar Tafkin Chadi, domin akasarin ruwansa daga kogin Shari yake zuwa.

To, saurayin da ba gona, ba koma, ba makiyaya, shi ne wanda mai riƙe da bindiga yake samu da araha. A tawa fahimtar, wannan lissafi yana cikin abin da manyan ƙasashe suka duba, tare da tsoron kwararar matasa zuwa Turai da kuma ma'adinin yuraniyom na Arlit. Faransa ta kafa rundunar Barkhane a 2014, hedkwatarta a Njamena. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Wato sun zaɓi su sa ido daga sama, alhali tushen rikicin yana ƙasa, wurin rabon ruwa da burtali.

Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, na Amurka suka bi su a 2024, bayan masu horar da soja daga Rasha sun sauka Yamai a watan Afrilu na shekarar.