Katsina: Me ke hana mota shiga ƙananan ƙauyuka?

Kusan kowace ƙofa ta ganuwar birnin Katsina tana fuskantar wata babbar hanya. Ƙofar Guga ta nufi Jibiya, Ƙofar Sauri ta nufi Kaita, Ƙofar 'Yanɗaka kuma Batsari.

To amma da zarar matafiyi ya sauka daga kwalta, sai labari ya sha bamban. Ƙauyen da bai fi tafiyar kilomita 30 daga birnin ba, zuwa cikinsa kan cinye rabin yini.

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa jihar Katsina na da mutane kimanin miliyan 5.8 a ƙananan hukumomi 34, yayin da ƙaramar hukumar Katsina ke da fiye da dubu 300. Akasarin sauran jama'ar manoma ne da ke zaune a garuruwa da ƙauyuka da rugage.

Lissafin direba

Direban haya ba ya barin tasha sai mota ta cika. Ƙaramin ƙauye kuwa ba ya iya tara fasinjojin da za su cika mota kullum, saboda haka ba a ganinta sai ranar kasuwa.

Sauran ranaku sai ɗan acaɓa, ko amalanken shanu, ko tafiyar ƙasa. Acaɓa ya fi tsada, kuma ya ƙara tsada bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Da damina kuma, idan rafi ya kawo ruwa ko gada ta karye, hanya ta yanke ke nan.

Manomin da ya kasa fitar da geronsa, dole ya sayar da shi a farashin da ɗan kasuwa ya yanka. Mai naƙuda kuma, wadda aka ce a garzaya da ita asibiti a birni, jinkirin sa'a guda na iya zama sanadin ajalinta.

Alhakin wa?

A tsarin Nijeriya, manyan hanyoyi na gwamnatin tarayya ne, matsakaita na jihohi, yayin da hanyoyin karkara ke wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi ƙarancin kuɗi.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin buɗe hanyoyin karkara, amma da dama daga cikinsu sun lalace saboda rashin kulawa.

A 2020 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 280 ga shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, kuma Katsina na cikin jihohi 13 da aka fara da su. Ma'aunin bankin shi ne yawan mutanen da ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina.

Tsaro da jirgin ƙasa

Matsalar 'yan bindiga ta ƙara dagula lamarin. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta rufe ta Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Matakin an ɗauke shi ne domin toshe wa maharan hanya, amma ya taɓa talakan da babur ne kaɗai abin hawansa.

A shekarar ce kuma, cikin watan Fabrairu, shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya.

Sai dai jirgi a tasha yake tsayawa. Amfaninsa ga mutumin ƙauye zai dogara ne a kan 'yar hanyar da za ta kai buhunsa tashar.