Da Tsohuwar Zuma A Kan Yi Magani

Jama'a, yau za mu yi magana a kan ɗan akwatin wasan nan na hannu da a ke kira Game Boy, da kuma mutanen da suka ƙi yarda ya mutu.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi cikin 1989. An kafa kamfanin nan a birnin Kyoto tun 1889, kuma da buga karta ya fara. Injiniyan da ya shugabanci aikin, Gunpei Yokoi, bai nemi sababbin kaya masu tsada ba. Sai ya zaɓi waɗanda aka daɗe da sani, masu araha da ƙarko: gilashi marar launi da ƙananan batura huɗu. Shi da ƙanensa mai launi na 1998 an sayar da fiye da miliyan 118.

To, an daɗe da daina ƙera shi, amma ga shi har yanzu akwai masu gyara a Amurka da Turai da Japan da su ke tsintar matattun, su tashe su. Cututtukan kuwa sanannu ne. Batirin da aka bari ciki ya kan zubo, ya cinye ƙarfen da ya ke taɓawa. In layuka suka ɓace a gilashi, galibi liƙin wayoyin ne ya saki, sai a bi shi da ƙarfe mai zafi ya koma. Sa'an nan cikin waɗansu kaset na wasa akwai ɗan batiri kamar kwabo, shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Ran da ya ƙare, abin da aka tara ya tafi, sai a liƙa sabo da dalma.

Ina ruwan mutumin Tambuwal ko Kebbe da wannan? Ruwansa babba ne. Game Boy ya gyaru ne domin da kusoshi aka ɗaure shi, a kwance a mayar. Wayoyin hannu da yawa na yanzu kuwa da gam a ke manne su, har batirin a ciki. Manomin da wayarsa ta mutu, in babu mai gyara kusa, sai ya biya kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Jega, ko ya sayi sabuwa da kuɗin hatsinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta sharar kayan lantarki da duniya ta zubar cikin 2022 ta kai tan miliyan 62. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta yi doka cikin 2023, cewa daga 2027 yawancin na'urorin hannu sai sun zama mai su na iya sauya batirinsu da kansa.

Don haka muna kira ga malaman makaranta da akawuna. Kada a zubar da tsohuwar rediyo ko tocila. A kawo ta aji, yara su kwance, su ga yadda waya ke bi daga batiri zuwa ƙwai. Yaron da ya nuna basira a kai shi wurin mai gyaran rediyo ya koyi riƙon dalma, ba tare da ya bar karatu ba. A kuma tuna a cire batiri daga duk na'urar da za a ajiye, gama rigakafi ya fi magani.

Allah ya sa mu gane, amin.